Yadda Ake Gano Asalin Kakan Da Ya Yi Ƙaura Daga Holan Zuwa Amurka A Ƙarni Na 19

Matata 'yar yammacin jihar Michigan ce, yankin da jikokin 'yan Holan suka yi yawa. Ranar da na tambayi surukata garin da kakanninta suka fito, sai ta ce, "Daga Holan dai aka ce mana." Iyakar abin da aka bar mata ke nan, kuma na ga abin yana damun ta. Tun daga ranar na shiga wannan aiki. Na yi wa gidan surukaina, na yi wa maƙwabta da abokan aiki, har na san inda mai farawa yake yawan yin tuntuɓe.

Abu guda za ka riƙe kafin komai: a Holan kowace ƙaramar hukuma, wadda suke kira gemeente, ita ke rubuta haihuwa da aure da mutuwar mutanenta. Saboda haka "daga Holan" ba adireshi ba ne. Sunan ƙauyen kake nema, kuma galibi a takardun Amurka yake ɓoye, ba a na Holan ba. Kada ka tsallaka teku sai ka same shi, ko aƙalla ka san lardin.

Kayan aiki

Kwamfuta ko waya mai babban allo, domin rubutun hannu na da ba ya karantuwa a ƙaramin allo. Littafi guda da za ka riƙa rubuta abin da ka nema, inda ka nema, da abin da ka samu, har da wuraren da ba ka samu komai ba. Rajista a shafin FamilySearch, kyauta ce. Sai shafukan Holan guda uku: WieWasWie, da Open Archieven, da Delpher na tsofaffin jaridu. Taswirar lardunan Holan. Ba dole sai ka iya harshensu ba, amma ka haddace waɗannan: geboren, an haife shi, gehuwd, ya yi aure, overleden, ya rasu, zoon van, ɗan wane, dochter van, 'yar wane, wonende te, mazaunin gari kaza, weduwe, matar da mijinta ya rasu, vertrokken, ya tashi daga gari. Da waɗannan za ka ci rabin tafiya.

1. Fara da gida

Zauna da tsofaffin gidan tun suna da rai. Kada ka ce "daga ina aka zo", domin amsar guda ce. Tambayi sunayen 'yan'uwan kakan, cocin da ake zuwa, inda aka binne shi, da ko akwai dangin da ake yi wa wasiƙa a can. Nemi tsohon Littafi Mai Tsarki na gidan, don iyalai da yawa a shafukan farkonsa suke rubuta haihuwa da mutuwa. Juya bayan tsofaffin hotuna, sau da yawa akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan garinsa. Je maƙabarta, ko ka duba hoton kabarin a shafin Find a Grave. Duwatsun kaburburan zuwan farko wasu da harshen Holan aka rubuta su, kuma idan ka ga "geboren te" to sunan garin ne ke biye.

Duk abin da aka gaya maka da baki ka rubuta shi tare da sunan wanda ya faɗa, amma ka ɗauke shi a matsayin alama, ba hujja ba. Kusan kowane gida zai ce maka daga Rotterdam ko Amsterdam aka zo. Yawanci nan ne aka hau jirgi kawai.

2. Bi ƙidayar Amurka da baya-baya

Amurka na ƙidayar jama'a duk shekara goma. Fara da ta baya-bayan nan da kakan ya bayyana a ciki, ka riƙa komawa baya. Ta 1900 ta fi daɗin aiki, domin tana ba da wata da shekarar haihuwa, da shekarar shigowa ƙasar. Ta 1880 tana faɗin dangantakar kowa da maigida da ƙasar da aka haifi iyaye. Ta 1850 ce ta farko da ta rubuta sunan kowane ɗa a cikin gida. Kada ka ɓata lokaci kan ta 1890, gobara ta lalata kusan dukkanta a 1921. Idan dangin a Iowa suka zauna, ƙidayar jihar ta 1925 tana ba da sunayen iyayen mutum, har da sunan gidan su mahaifiyarsa.

Ga dabara: duba 'ya'yan gidan. Na ƙarshe da aka haifa a Holan da na farko da aka haifa a Amurka, tsakaninsu ne shekarar ƙaura take. Kuma kada ka kwafi gidan kakan shi kaɗai. Kwafi gidaje goma na gaba da goma na baya. Mutanen nan ba su zo ɗaiɗai ba, ƙauye guda kan tashi ya bi wanda ya riga shi, don haka maƙwabcin nan da wuya in ba ɗan garinsu ba ne, ko suruki.

Gargaɗi babba a nan. Ba'amurke na wancan zamani kan kira Bajamushe da kalmar Dutch, saboda Jamusawa na kiran kansu Deutsch. Waɗanda ake kira Pennsylvania Dutch ma asalinsu yankunan masu harshen Jamusanci ne. Idan ƙidaya ɗaya ta ce Holan, wata ta ce Hanover ko Prussia, ka dakata. Mutanen Bentheim, da ke cikin Jamus daf da iyaka, sun zo Michigan tare da 'yan Holan, coci ɗaya, har garin Graafschap saboda su aka raɗa masa suna. Haka kuma Beljiyam tana cikin masarautar Holan daga 1815 zuwa 1830.

3. Bari shekara da wurin zama su nuna maka lardi

Tarihi kaɗan ya wajaba a nan. A 1834 wani limamin coci, Hendrik de Cock, ya ɓalle daga cocin da gwamnati ke goyon baya a ƙauyen Ulrum na lardin Groningen. Mabiyansa sun sha tara da tsangwama. Sai cutar dankali ta 1845 da 1846 ta zo ta ƙara wa talaka wahala. Albertus van Raalte, limami daga cikin waɗanda suka ɓalle, ya tashi da jama'arsa a 1846, suka kafa garin Holland a Michigan a 1847. A shekarar ce Hendrik Scholte ya kafa Pella a Iowa. A 1848 Fada Theodorus van den Broek ya kawo 'yan Katolika, yawancinsu daga Noord-Brabant, zuwa Little Chute a Wisconsin. Wata babbar guguwar ta biyo baya a shekarun 1880, lokacin da farashin hatsi ya faɗi, leburorin gona na Friesland da Groningen da Zeeland suka rasa aikin yi.

Amfanin wannan gare ka shi ne, inda mutum ya sauka yana tona asalinsa. Garuruwan Zeeland da Vriesland da Drenthe da Overisel a Michigan sunayen lardunan da aka baro ne. Oostburg a Wisconsin sunan gari ne a lardin Zeeland. Ɗan Katolika a bakin kogin Fox, wato yankin Little Chute, ka fara da Brabant ko Limburg. Sunan gida mai ƙarewa da -stra ko -sma ko -ma ko -inga, ka nufi Friesland ko Groningen. Mai ƙarewa da -ink, ka duba gabashin Gelderland da Overijssel. Wannan ba tabbaci ba ne, amma ya rage maka lardunan da za ka tona.

4. Mayar da sunan yadda yake a can

Nan ne mutane da yawa ke ɓata shekaru. John ɗin da kake nema Jan ne ko Johannes. Henry shi ne Hendrik, William Willem, Peter Pieter. Klaas kan zama Nicholas, Dirk ya zama Dick ko Richard. Aaltje ta zama Alice, Geertje Gertrude, Grietje ta zama Grace ko Margaret, Trijntje kuma Catherine. Sunayen gida ma haka: Kuiper ya koma Cooper, Bakker Baker, De Jong DeYoung, Koning King. Haruffan ij sukan koma y, don haka Dijkstra da Dykstra gida ɗaya ne.

Ƙananan kalmomin gaban suna, irin su van da de da ter da van der, ba a lissafa su a jerin harufa a Holan. Van der Meer a ƙarƙashin M yake. A shafukan bincikensu akwai gurbi na daban da ake sa su, ko ka bar su gaba ɗaya.

Abu biyu za su taimake ka. Mace a takardun Holan ba ta rasa sunan gidan ubanta har ta mutu, don haka idan ka samu sunan gidan su matar kakan, ka samu mabuɗi mafi ƙarfi. Na biyu, suna sa wa 'ya'ya sunayen kakanni, kamar dai yadda muke yi har mu ɓoye sunan da Abba ko Ummi. Galibi 'ya'ya maza biyu na farko sunayen kakanni maza suke ɗauka, mata biyu na farko na kakanni mata. Idan yaro ya rasu, sai a mayar wa na bayansa sunan. Jera 'ya'yan kakan bi da bi, za ka ga sunayen iyayensa da na surukansa tun kafin ka same su a takarda.

Labarin cewa jami'an Ellis Island, tashar karɓar baƙi ta New York, su ne suka canza wa mutane suna ba shi da tushe. A tashar da aka taso ake rubuta jerin fasinja. Ban da haka ma, sai a 1892 aka buɗe wurin.

5. Tona takardun da ke faɗin sunan gari

Ni da takardun coci nake farawa, domin sun fi kowanne cika alkawari. Wanda ya bar cocinsa a Holan yakan zo da takardar shaidar zama ɗan ikilisiya, attestatie, kuma magatakardan sabon cocin yakan rubuta garin da ta fito. A tuna cewa cocinsu a Amurka ya rabu a 1857, aka samu Christian Reformed Church ban da Reformed Church, kuma gida ɗaya kan tashi daga wannan ya koma wancan. Ka duba duka biyun. Ma'ajiyar Heritage Hall a jami'ar Calvin da ke Grand Rapids tana riƙe da takardun Christian Reformed Church, da tarin wasiƙun da baƙi suka aika gida. Kwalejin Hope a garin Holland ma tana da ma'ajiya mai kyau. Na 'yan Katolika kuwa, a cocin unguwar ko ofishin bishop ake nema.

Sai sanarwar rasuwa. Jaridun harshen Holan da aka buga a Amurka, kamar De Grondwet ta garin Holland da De Volksvriend ta Orange City a Iowa, sukan faɗi ƙauyen da mamaci ya fito. Ka neme su a Delpher. Idan ba ka samu ta kakan ba, nemi ta ƙanensa ko ta 'yarsa ta fari.

Takardar zama ɗan ƙasa kada ka sa rai da ita sosai. Kafin 1906 kowace kotu na iya bayarwa, kuma abin da yawanci za ka gani shi ne mutumin ya yi watsi da biyayya ga sarkin Holan. Mata kuwa ta hannun mazajensu suke samu, ba su da takarda tasu. Jerin fasinjojin jirgi, wanda aka fara ajiyewa a 1820, shi ma na farkon zamani suna da shekaru da sana'a da ƙasa kawai yake bayarwa. Amfaninsa shi ne ya nuna maka waɗanda aka taho tare. A New York, daga 1855 zuwa 1890 a Castle Garden ake sauka. Idan babu shi a can, duba Baltimore da Boston da New Orleans, kuma ka sani wasu ta Antwerp ko Le Havre ko Liverpool suka hau jirgi.

Akwai wani abu da ba na son ka manta. Daga New York sai an bi kogin Hudson zuwa Albany, a bi mashigin Erie zuwa Buffalo, sannan a hau jirgin tafki. An haihu a hanyar nan, an kuma mutu. A watan Nuwamban 1847 jirgin Phoenix ya kama da wuta a tafkin Michigan kusa da Sheboygan, ya ci rayukan baƙi 'yan Holan masu yawa, da dama daga yankin Winterswijk. Idan yaro yana cikin jerin jirgi amma babu shi a ƙidayar 1850, a garuruwan hanyar nan za ka neme shi.

6. Yanzu ka tsallaka

Daga shekarun 1840 hukumomin Holan sun riƙa rubuta masu barin ƙasa, landverhuizers. Jerin na ba da sunan maigida, shekarunsa, sana'a, addini, ko mai hali ne ko talaka, adadin mata da yara, dalilin tafiya, da ƙaramar hukumar da ya baro. Masanin tarihi Robert Swierenga ya tattara su wuri guda, kuma ma'ajiyoyin larduna da yawa sun sa nasu a intanet. Wanda ya sulale saboda bashi ko gudun aikin soja ba lalle ya shiga ba.

Daga nan ka shiga WieWasWie ko Open Archieven. Nemi aure kafin haihuwa, ka sa sunan miji da na mata tare. Masu suna Jan de Vries ba su ƙirguwa, amma wanda ya auri mace mai suna kaza a shekara kaza, da wuya su wuce ɗaya. Larduna ma na da shafukansu: AlleFriezen, AlleGroningers, AlleDrenten, Zeeuws Archief, Gelders Archief, da BHIC na Brabant. Wani lokaci abin da babu a babban shafi yana can. A kula da garuruwa masu suna ɗaya: akwai Hengelo a Overijssel, akwai wani a Gelderland.

7. Karanta takardar da idonka, ka tabbatar

An fara rajistar gwamnati, burgerlijke stand, a 1811 ƙarƙashin mulkin Napoleon. A Limburg da kudancin Zeeland ta riga haka, tun 1796. Duk na ƙarni na 19 a buɗe suke, domin ana sakin na haihuwa bayan shekara 100, na aure bayan 75, na mutuwa bayan 50.

Gani ya kori ji. Kada ka tsaya kan abin da aka taƙaita a shafi, buɗe hoton takardar. Ranar da ke sama ranar da aka kai rahoto ce, ranar haihuwar tana ciki, sau da yawa da kalmar gisteren, wato jiya. Su rana suke fara rubutawa kafin wata, Amurkawa kuwa wata kafin rana, don haka 4-7 na iya zama abu biyu. A tsofaffin takardu 7ber Satumba ne, 8ber Oktoba, ba watan bakwai da na takwas ba. Jaririn da aka haifa ba rai, a rajistar mutuwa kaɗai yake. Na shekarun farko wasu da Faransanci aka rubuta, inda Jan ya zama Jean.

Sai rajistar mazauna gari, bevolkingsregister, wadda aka fara a 1850. Ita ce na fi ƙauna a duk aikin nan. Shafi guda ne ga kowane gida, da sunan kowa da ranar haihuwarsa da addininsa. Ranar da suka tashi, sai magatakarda ya ja layi a kan sunayen ya rubuta "vertrokken naar Noord-Amerika" da kwanan wata. Ranar da na nuna wa surukata irin wannan shafi na gidansu, ta daɗe tana kallon layin nan ba ta ce komai ba.

Kama da wane ba ta wane. Na taɓa bin wani mutum wata uku, suna ya yi daidai, shekara ta yi daidai, lardi ya yi daidai, sai na tarar da takardar mutuwarsa a ƙauyensu, bai taɓa barin Holan ba. Ɗan baffan wanda nake nema ne, sunan kaka ɗaya suka ci. Tun daga nan ba na yarda sai abu uku sun haɗu: cikakkiyar ranar haihuwa ko sunan mata ya dace a ɓangarorin biyu, 'ya'yan da aka haifa a can su ne ke cikin ƙidayar Amurka, kuma mutumin ya ɓace daga takardun Holan bayan shekarar tafiya. Nemi mutuwarsa a can da gangan. Rashin samunta ma hujja ce.

8. Koma bayan 1811

Kowane aure yana da ƙunshin takardun da ango da amarya suka gabatar, huwelijksbijlagen. A ciki akwai kwafin haihuwa ko baftismarsu, da shaidar rasuwar iyaye idan sun rasu, wani lokaci har ta kakanni. Akwai kuma takardar hukumar soja ta ango, wadda sau da yawa ke siffanta shi: launin ido, gashi, hanci, tsawo. Idan ka ga 1 el, 6 palm, 5 duim, mita ɗaya ne da santimita 65. Ga mutumin da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin 1811 littattafan coci ne na baftisma da aure da binnewa, ana kiran su DTB. Nan Bahaushe ya fi Ba'amurke saurin ganewa, domin a arewacin ƙasar mutane da yawa ba su da sunan gida. Sunan uba ake jingina wa ɗa, kamar Musa Garba ya haifi Sani Musa. Jan ɗan Pieter shi ne Jan Pieters, ɗansa Klaas kuma Klaas Jans. A 1811 aka tilasta wa kowa ya ɗauki sunan gida na dindindin, kuma rajistar wannan a Friesland tana ma'ajiyar Tresoar da ke Leeuwarden. Wa da ƙane na iya ɗaukar suna daban-daban. A gabashin ƙasar kuma sunan gona ake bi, wanda ya auri 'yar gida ya tare a gonarsu sai ya ɗauki sunan gonar.

9. Idan hanya ta toshe

Bar kakan, ka bi ɗan'uwansa ko maƙwabcin nan da ka kwafa a mataki na biyu. Sau da yawa ta hannunsu nake shiga ƙauyen. Idan takardun gari sun ƙone, kamar yadda da yawa suka salwanta a Middelburg a watan Mayun 1940, ka tuna rajistar gwamnati kwafi biyu ake yi, ɗaya a gari, ɗaya a kotu. Idan sunan bai fito a bincike ba, buɗe jerin sunaye na shekara goma-goma, tienjarige tafels, ka bi da ido, domin mai kwafa kan karanta harafi ba daidai ba.

Takardun lauyoyin shaida, wato masu rubuta yarjejeniya da ciniki da wasiyya a hukumance, ma na da amfani. Mai shirin tafiya yakan yi gwanjon kayansa, kuma a jerin za ka ga saniya da gado da tukwane da wanda ya saya. Idan iyayen sun rasu bayan tafiyarsa, takardar harajin gado, memorie van successie, kan lissafa magada da inda kowa yake zaune, har da garin Amurka. Wannan takarda kaɗai ta isa ta ɗaure ɓangarorin biyu.

In za ka rubuta wa ma'ajiyar lardi, Turanci ya wadatar. Tambaya ɗaya za ka yi, gajeriya, da cikakken suna da shekara da ƙaramar hukuma, ka kuma faɗi wuraren da ka riga ka duba. Amsar da ta zo, ka shigar da ita littafinka a ranar, da lambar takardar da sunan ma'ajiyar, kafin ka buɗe wani shafin.